Tagar Jirgin Ƙarƙashin Ruwa Ba Wurin Gwada Sa'a Ba Ce

Duk mai yawo a YouTube zai iya cin karo da irin bidiyon nan: wani bawan Allah a Amurka ko Turai ya shafe shekaru yana walda a garejinsa, daga ƙarshe ya fito da ɗan jirgin ƙarƙashin ruwa mai cin mutum ɗaya. Da yawansu zanen George Kittredge suke bi, tsohon hafsan sojan ruwan Amurka, wanda ya tsara jirginsa K-250 don nutson ƙafa 250, kimanin mita 76. Sun cancanci jinjina. Amma akwai wuri ɗaya a jikin jirgin da bai kamata maƙeri ya nuna ƙirƙirarsa ba, wato taga.

Kowace mita 10 da aka nutsa tana ƙara matsin kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Taga mai faɗin santimita 20, kamar farantin cin abinci, a zurfin mita 76 tana ɗauke da kusan tan biyu da rabi, nauyin buhun siminti wajen 50, kuma fuskar direba na daf da ita.

Ba da gilashi ake yin tagar ba, da akirilik ake yi, robar nan mai haske ta allunan talla. Gilashi yakan tarwatse ba sallama, shi kuwa akirilik yakan fara nuna ƙananan tsagu. Da shi aka yi tagar Trieste, jirgin da ya kai zurfin kusan mita 10,900 a 1960.

Sai dai yana da wani hali mai yaudara. Idan ya daɗe cikin matsi yakan riƙa lanƙwasa a hankali, zafi kuma na rage masa ƙarfi. Don haka tagar da ta ci gwaji yau ba ta yi alkawarin nutso na ɗari biyu ba. Masu rubuta manhaja sun san wannan tarko, abu ya yi aiki sau ɗaya a ce an gama. To manhaja in ta tsaya a sake kunna ta, taga fa?

Abin takaicin shi ne an riga an yi wahalar. Injiniya Jerry Stachiw ya shafe shekaru yana matse tagogi har su fashe a binciken da ya yi wa sojan ruwan Amurka, kuma a kan aikinsa aka gina ƙa'idar PVHO-1. Ta fayyace kauri da siffa, ta ce a yi amfani da akirilik na zubi, a gasa shi a hankali bayan yanka don ya saki gajiyar da injin ya bar masa. Ta kuma yanka wa taga wa'adi: nutso 10,000 ko awa 40,000 cikin matsi, shekara 10 ga shimfiɗaɗɗiya.

Masu ƙorafi na cewa bin ƙa'idar da tsada, kuma su a tafki kawai za su yi wasa. Tsadar gaskiya ce. Amma a 2018 David Lochridge, tsohon ma'aikacin OceanGate, ya bayyana a takardun kotu cewa tagar Titan an tantance ta ne don mita 1,300, alhali Titanic na kwance a kusan mita 3,800. A Yunin 2023 jirgin ya murƙushe da mutum biyar. Masu bincike sun ɗora laifin a kan gangar jikin, ba tagar ba, sai dai raina tantancewa ne ya ratsa aikin gaba ɗaya.

Maƙerin gida ya fara sauke jirginsa da igiya, ba kowa ciki, zuwa zurfin da ya wuce inda zai riƙa zuwa, ya bar shi ya jima. In ya fito, a haska tagar da tocila ana neman tsagu, a rubuta kowane nutso a littafi. Wajen gogewa kuma ruwa da sabulu mai laushi kawai, domin sifirit da asiton kan tsattsaga akirilik.