Sharhi: Binciken ƙwayar zogale da matsalar ruwan sha daga Kano zuwa Suleja

Shekaru sama da 30 ke nan masana injiniyancin muhalli a Najeriya suke nazari kan amfani da ƙwayar zogale wajen tace ruwan sha, amma har yanzu sakamakon bai fita daga ɗakunan gwaji na jami'o'i zuwa matatun ruwa na jihohi ba.

Cikin waɗanda suka yi fice a wannan fanni akwai Farfesa Suleyman Aremu Muyibi, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Newcastle ta Ingila, daga baya ya koma koyarwa a Malesiya. A 1995, shi da L. M. Evison sun wallafa bincike a mujallar Water Research kan yadda ƙwayar ke rage zartsin ruwa. Farfesa Mustapha Hassan Bichi na jami'ar ta Bayero ya ɗora a kai, bayan da a 1999 ya yi rubutu tare da B. U. Anyata kan yadda dagwalon masana'antu ke gurɓata kogunan Kano.

Hikimar ba baƙuwa ba ce a Afirka. Tun da daɗewa matan karkara a Sudan ke jefa garin ƙwayar cikin ruwan Kogin Nilu don ya kwanta. Abin da masana suka ƙara shi ne bayanin dalili: a cikin ƙwayar akwai wani sinadarin furotin da ke janyo ƙananan ɓarɓashin laka, ya dunƙule su, su nutse ƙasa tare da kaso mai yawa na ƙwayoyin cuta. Aikin da alam ke yi ke nan a matatu irin na Tamburawa da Challawa, sai dai alam kuɗi ake zubawa a saya, zogale kuwa a bayan gida yake tsirowa.

Amma binciken da kansa ya nuna iyakarsa. Garin ya fi aiki a ruwa mai laka sosai, kamar na damina, ƙarfinsa kuma yana raguwa idan ruwan ba shi da dauɗa da yawa. Ragowar garin da ke narkewa a ciki na iya zama abincin ƙwayoyin cuta idan aka ajiye ruwan ya kwana biyu, don haka ba ya maye gurbin tafasawa ko sinadarin kulorin.

Ga gari kamar Suleja, inda Kogin Iku ke ratsa unguwanni yana kwasar shara da ruwan kwata, batun ba na takarda ba ne. Garin ya cika da ma'aikatan Abuja, gidaje da dama sun dogara da rijiyoyi da 'yan ga-ruwa, ambaliya irin ta watan Yulin 2017 kuma tana haɗe ruwan kwata da na sha. Cutar kwalara da ta hallaka sama da mutum 3,000 a faɗin ƙasar a 2021 ta wannan hanya take yaɗuwa.

Gibin da ya rage na gwamnati ne. A Malawi, masana daga Jami'ar Leicester sun gwada ƙwayar a matatar ruwa ta garin Thyolo a shekarun 1990. Irin wannan gwaji na buƙatar hukumar ruwa ta jiha da za ta ba da matata, da kuma manoman da za su samar da ƙwayar a kai a kai, alhali a Arewa ganyen ne ke da kasuwa wajen masu kwaɗo.