Sanarwar Bayan Taron Manoman Rake da 'Yan Kwangilar Sara a Maƙarfi

Manoman rake da 'yan kwangilar da ke kawo masu sara sun zauna a garin Maƙarfi, Jihar Kaduna, gabanin kakar sara, kan batun da ke haɗa su rigima duk shekara: mutum nawa ya kamata a zuba a gona ɗaya.

Abubuwan da taron ya lura da su:

1. 'Yan kwangila sun fi son taron ma'aikata mai yawa. Hujjarsu ita ce direba ba ya jira, kuma kwanan mota a bakin gona asara ce. Da hannu da yawa ake sara, a ɗaure, a yi lodi kafin magariba.

2. Manoma sun fi son 'yan kaɗan da ido zai iya bi. Sun koka cewa idan mutane suka yi yawa, kuma jinga ake biya bisa yawan dami, kowa sauri yake. Sai a sare rake daga sama a bar gindi, alhali a gaɓoɓin ƙasa zaƙi ya fi taruwa, kuma dogon kututture yana ɓata tohon baɗi.

3. Masu ƙananan gonaki sun ce manyan ƙungiyoyin masu sara kan bar su sai ƙarshen kaka.

4. Masu dafa mazarƙwaila sun tunatar da cewa raken da ya kwana biyu a yashe yakan rage nauyi, ruwansa ya soma tsami.

Matsayar da aka cimma:

1. Yawan masu sara zai bi girman gona da abin da mota ko injin matsa zai ɗauke a ranar. Ba a sara sai an tabbatar da mota.

2. Duk ƙungiyar da ta fi ƙarfin idon mutum ɗaya a raba ta, kowane kashi da shugabansa.

3. A sare daidai da ƙasa. Mai gona ya zaga kafin a cika kuɗin jinga.

4. Ƙananan manoman da ke fadama ɗaya su haɗa gonakinsu su ɗauki ƙungiya guda, a bi su layi-layi.

5. A yi ciniki gaban shaidu, a biya ma'aikaci kafin ya bar gona.

Taron ya roƙi masu unguwanni da sarakunan noma su sa ido, kuma duk saɓanin da ya taso a kawo shi gabansu tun adda ba ta taɓa rake ba.

Sa hannu:
Shugaban taro
Sakataren taro