ALJANI CIKIN MAYAFI: SHIN WANNAN FIM YA CANCANCI KALLO?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwana matasa, a yau fim ba ya buƙatar gidan kallo kafin ya iso gare mu. Daga Kwanar Dangora zuwa Tiga, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, da 'yan kuɗi kaɗan mai turi zai cika maka waya da abin da za ka kwana kana kallo. Daga cikin abin da matasa suka fi nema akwai fina-finan ban tsoro, kuma wasu ƙannena sun tambaye ni game da ɗaya daga cikinsu, wato Under the Shadow. Hujjarsu ita ce wai wannan namu ne, domin a ƙasar Musulmi labarin ya faru, kuma aljani ne a cikinsa ba fatalwar Turawa ba. Amsata a taƙaice ita ce bai cancanci lokacinku ba, kuma wannan hujjar tasu ita ce babban dalilina.

Bari mu fara yi wa fim ɗin adalci. Ya fito a 2016 da harshen Farisanci, Babak Anvari ne ya ba da umarni, kuma a 2017 ya samu lambar yabo ta BAFTA a Ingila. Labarin yana faruwa ne a birnin Tehran a ƙarshen yaƙin Iran da Iraki, wanda aka gwabza daga 1980 zuwa 1988. Wata mata mai suna Shideh ta rage ita da 'yarta Dorsa bayan an tura mijinta likita fagen daga. Makami mai linzami ya huda rufin gidansu bai fashe ba, maƙwabta suka riƙa guduwa ɗaya bayan ɗaya, 'yar tsanar yarinyar ta ɓace, daga nan aka shiga cewa aljani ya shigo gidan. An iya tsara shi, 'yan wasan sun iya aikinsu, ban musa ba. To amma kaifin wuƙa ba ya zama dalilin miƙa wa yaro ita.

Matsala ta farko ita ce aƙida. Da dodon Turawa ne, da mai kallo ya tsorata na ɗan lokaci ya wuce, domin ya san ƙarya ce. Aljani kuwa gaskiya ne, akwai sura guda da sunansa a cikin Alƙur'ani. Saboda haka duk abin da fim ya jingina masa yakan zauna a zuciya kamar ilimi. Fim ɗin yana koyar da cewa idan aljani ya ɗauke wani abu naka to ya kama ka ke nan, duk inda ka shiga zai cim maka, kuma a kan haka ya ƙare, ba tare da wata mafaka ba. Ina wannan yake a cikin Littafi ko Sunna? Abin da muka sani shi ne aljanu bayi ne masu rauni. Aya ta 14 a Suratu Saba'i ta ba mu labarin yadda suka ci gaba da yi wa Annabi Sulaimanu (AS) aikin wahala yana matacce ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandarsa. Aya ta 6 a Suratul Jinni ta nuna cewa mutanen da suka nemi tsari da su ƙarin wahala kawai suka samu. Sannan hadisin Abu Huraira (RA) da ke cikin Bukhari ya tabbatar da cewa wanda ya karanta Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya Shaiɗan ba ya kusantarsa har gari ya waye. Musulunci ya zo ya rage girman aljani a zukatanmu, fim ɗin kuwa hura shi yake yi.

Kada wani ya ce ai wasa ne kawai. Mu mutanen Kano mun san abin da tsoron aljani yake haifarwa. A tsakiyar shekarun 1990 an yi abin da aka kira Sumbuka, inda 'yan mata a makarantun sakandare suka riƙa faɗuwa suna ihu, tsoro yana bin su daga aji zuwa aji. Har yau a ƙauyukanmu akwai matar da damuwa ko firgici ya kama, wadda ta fi buƙatar addu'a tare da ganin likita a asibitin Dawanau, amma sai a kai ta wurin boka ya karɓe akuya da kuɗi, ya kuma karɓe tauhidin gidan. Al'ummar da ke fama da wannan ciwo ba ta buƙatar a ƙara mata shi ta cikin waya.

Matsala ta biyu ita ce siffar da aka ba aljanin. A cikin mayafi yake bayyana, irin lulluɓin da matan Iran suke yi, har ya nemi haɗiye uwa da 'ya. Na san masu sharhi sun ce da gwamnatin Iran mai fim ɗin yake, wadda ta tilasta sutura da ƙarfin hukuma, kuma akwai wurin da aka kama matar don ta fito da dare a firgice ba lulluɓi. Wannan rigimarsu ce da hukumarsu. Amma yarinya 'yar shekara goma sha biyar a Ƙiru ba ta san wannan siyasa ba. Abin da idonta zai ɗauka shi ne tufafin da mahaifiyarta take salla da shi ya zama abin gudu.

Matsala ta uku ita ce yaƙin kansa. Ƙasashen Musulmi biyu sun shafe shekara takwas suna kashe juna, dubban ɗaruruwa suka mutu. A watan Maris na 1988 an zuba iska mai guba a garin Halabja, aka kashe kimanin mutum 5,000. Babu aljanin da ya harba makami ko ɗaya, duk aikin ɗan Adam ne. Mu ma da muke maƙwabtaka da dajin Falgore mun san haka. A shekarun da matafiya suke bin hanyar Jos zuciya na bugawa, ba iskoki suke tsoro ba, ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suke tsoro, har sai da sojoji suka shiga dajin da atisaye a 2017. Wanda yake son ya san zafin yaƙi ya karanta tarihinsa, ko ya zauna da ɗan gudun hijira daga Borno ya saurare shi, sannan ya taimaka masa. Wannan tsoron yana haifar da tausayi. Na fim kuwa yana ƙarewa ne a kan tsoron fita alwala da asuba.

Ban ce haramun ba ne, domin fatawa ta malamai ce. Na dai ce asara ce, kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba za ta iya shiga aljihunka ta duba wayarka ba. Kai ne mai gadin idonka. Minti 84 da fim ɗin yake ci sun isa ka karanta tafsirin Suratul Jinni a gaban malami, ka fito da sanin aljani na gaskiya da zuciya a natse.

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wassalamu alaikum.