Sanarwar Bayan Taro Kan Gwajin Saɓanin Amo Tsakanin Kunnuwa Biyu

Ƙungiyarmu ta likitocin kunne da ƙwararrun gwajin ji ta kammala zamanta na wannan zango, inda ta tattauna kan wata lalura da ake kira difilakusis. Mai wannan lalura yana jin sauti ɗaya da amo biyu: kunnen dama ya ji shi siriri, na hagu kuma ya ji shi da kauri. Bayan muhawara mai tsawo, taro ya amince da abin da ke tafe.

Taro ya lura cewa gwajin da aka saba yi a asibitocinmu, wato odiyogiram, yana auna mafi ƙanƙantar ƙarar da kowane kunne zai iya ji ne kawai, daga hatz 250 zuwa 8000. Ba ya nuna ko kunnuwan biyu sun yi ittifaƙi kan amon da suka ji. Shi ya sa majiyyaci zai ce murya tana rabe masa biyu, a duba takardarsa, a ce masa ba komai. Wannan ya dame mu ƙwarai, domin mutumin gaskiya yake faɗa.

Tushen abin yana cikin kokiliya, sashen can cikin kunne mai siffar katantanwa. Gindinta ne ke karɓar siririn amo, ƙarshenta kuma mai kauri, kamar yadda binciken Georg von Békésy ya nuna, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 1961. Idan wani yanki ya lalace a kunne ɗaya, sai saƙon da yake aika wa ƙwaƙwalwa ya saɓa wa na ɗan'uwansa. Ana yawan ganin haka ga masu ciwon Meniya mai zuwa da jiri da ƙugi a kunne, da waɗanda jinsu ya ɗauke farat ɗaya, da waɗanda ƙara mai tsanani ta raunata wa kunne, irin ta injin niƙa da janareta.

Gwajin saɓanin amo ba ya buƙatar sabuwar na'ura. Wadda muke da ita ta isa, in dai tana iya aika sauti ga kowane kunne daban, tana kuma iya sauya amo kaɗan-kaɗan. Da farko a daidaita ƙarfin sautin a kunnuwan biyu, don kada majiyyaci ya rikita ƙarfi da kaifi. Sannan a tsayar da amo ɗaya a kunnen da ya fi lafiya, a riƙa sauya na ɗaya kunnen, ana ba shi su bi da bi, har ya ce sun zama ɗaya. Tazarar da ta rage ita ce ma'aunin saɓanin. A maimaita a amo daban-daban, kuma a tuna cewa ko masu lafiyayyen ji suna da ɗan bambanci kaɗan.

Don haka taro ya yanke cewa duk wanda raunin jinsa ya fi yawa a kunne ɗaya, a tambaye shi kai tsaye ko yana jin sauti biyu, a yi masa gwajin kafin a saita masa na'urar taimaka wa ji. A ba da kulawa ta musamman ga makaɗa da mawaƙa, da alarammomi da ladanai, waɗanda aikinsu ya rataya kan daidaiton amo. Taro ya kuma roƙi Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa su binciki yadda lalurar ke shafar fahimtar magana a Hausa, harshen da karin sauti ke sauya ma'anar kalma a cikinsa.

Muna kira ga jama'a: duk wanda jinsa ya ɗauke kwatsam a kunne ɗaya, ko ya fara jin murya biyu-biyu, kada ya ɗiga mai ko ya tura tsinke a kunne. Ya je asibiti a ranar, domin maganin ɗaukewar ji farat ɗaya ya fi aiki a makonni biyun farko.

Sa hannu: Shugaba da Sakatare, a madadin mahalarta taro.