Baƙin Rami da Tuƙin Tuwo



Ranar Asabar na taso daga aikin dare, na biya kasuwar Sabon Gari na yi cefane, na iso gida Fagge a gajiye liƙis. Ko mayafi ban cire ba 'yata mai shekara 12 ta tare ni da waya a hannu: "Umma, wai da gaske akwai ramuka a sama da ke haɗiye juna?" Saura kaɗan in ce ta ba ni wuri. Sai na tuna irin wannan amsar ce ta kashe min tambayoyi da yawa ina ƙarama. Na ce ta bari in runtsa, da yamma mu duba tare.

Baƙin rami wuri ne da nauyi ya dunƙule sosai, har haske ma ba ya iya kuɓuce masa. A tsakiyar tarin taurarin da muke ciki akwai guda mai nauyin rana kusan miliyan 4. Idan manyan tarin taurari biyu suka gauraya, ramukansu sukan shiga zagaya juna, amma ba za su haɗe da wuri ba sai wani abu ya rage musu ƙarfin zagayen. Ɗaya daga cikin abubuwan nan shi ne iskar gas da ke kewaye da su.

A bakin murhu na fahimtar da ita. Na ba ta muciya ta juya a ruwa, ta tafi salin-alin. Da tuwo ya yi kauri na sake miƙa mata, nan da nan hannunta ya gaji. Kusan haka gas yake ja wa ramukan baya, su yi ta matsowa har su zama ɗaya. Gas ɗin kuma yakan yi zafi ya haska, ta haka masana ke gano wurin da ido ba ya gani.

Ranar 14 ga Satumba, 2015 na'urar LIGO ta Amurka ta fara jin girgizar irin wannan haɗuwa, ta ƙananan ramuka. Ranar 21 ga Mayu, 2019 aka ji wata da ta haifar da rami mai nauyin rana kusan 142. Makonni bayan haka aka hango wani haske ta wajen, wasu masana suka ce alama ce a cikin gas aka haɗu. Har yanzu ana muhawara a kai.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban karanci taurari ba. Amma a asibiti na ga yadda yarinyar da aka saba yi wa tsawa take ɓoye ko ciwon jikinta. Wadda aka saurari tambayarta a kan sama, gobe za ta kawo wadda ta fi nauyi.

Wace tambaya yaranku suka taɓa yi muku kuka rasa amsa? Ku rubuto a ƙasa, mu nemo tare.