Waliyyi ba hakimi ba ne da za a tuɓe masa rawani

Duk lokacin da aka ga lambar Waliyyi Kiristofa rataye a madubin wata mota mai jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari, ba a rasa mai ilimin da zai yi murmushi ya ce ai Fafaroma ya daɗe da tuɓe wannan waliyyin. Maganar tana da daɗin faɗa a zauren shayi, amma ba gaskiya ba ce, kuma abin kunya ne a ji ta daga bakin wanda ya yi jami'a.

Abin da ya faru a 1969 shi ne Fafaroma Paul na Shida ya sake tsara kalandar bukukuwan Cocin Katolika, aka fitar da ranar Kiristofa, 25 ga Yuli, daga jerin da ya wajaba a kan kowace coci a duniya. Sunansa bai fita daga kundin shahidan cocin ba. Mai ibada a babban cocin Christ the King da ke Sabon Gari yana da damar neman addu'arsa yau, kamar yadda kakansa ya yi. A aƙidar Katolika, ayyana mutum waliyyi shaida ce cewa yana Aljanna, kuma babu wata hanya da aka tanada ta janye wannan shaida.

Masu ba'a sun bar inda nauyin yake. A 1475 aka tsinci gawar wani yaro mai suna Simon a garin Trento na Italiya. Aka ɗora wa Yahudawan garin laifi, aka azabtar da su har suka amsa abin da ba su aikata ba, aka kashe da dama daga cikinsu. Kusan shekara ɗari biyar ana girmama yaron a matsayin shahidi, ana zagaya gari da gawarsa, ƙiyayya tana samun gindin zama a cikin ibada. Sai a 1965 cocin ta soke wannan girmamawa baki ɗaya. Ko shi ma ba a taɓa ayyana shi waliyyi ta cikakkiyar hanya ba. Izinin girmamawa ne aka janye.

A nan ya kamata a tuhumi cocin, a tambaye ta dalilin jinkirin ƙarni biyar, musamman a gari irin Zariya da ya san abin da jita-jita ke jawowa tsakanin maƙwabta masu addini daban. Direban da ya rataya Kiristofa bai yi kuskuren komai ba.