Noma A Kan Allo Ba Ya Cika Rumbu

Daga Leni zuwa Kokiya, daga Alajawa zuwa Faruruwa, da wuya a sami gidan da ba ya cin abin da ya noma. Amma ku leƙa makarantunmu ku ga yadda ake koyar da aikin gona: malami ya zana karan dawa da alli, yara su kwafa, a tashi. Yaron da ya yi sammako ya kai taki gona a kan jaki, shi ne za a zaunar ana haddace masa sunayen sassan tsiro da Turanci. Wannan wasa da hankali ne, kuma mu malamai mun gaji da zama 'yan kallo.

Mun san amsar da wasu iyaye ke bayarwa: “Don ya rabu da fartanya na kai shi boko.” Ba mu raina wannan magana ba, gumi ne ya haife ta. Sai dai a dubi ƙasar tamu. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki sun raba ta gado, kowa da ɗan yankinsa. Babu sauran dajin da za a sare, babu gonar da ake bari ta huta. Ƙasa ta gaji, wuta-wuta na shaƙe dawa da gero, tsutsar da ta shigo Nijeriya a 2016 na cinye masara, buhun takin zamani kuwa ya fi ƙarfin talaka. Idan fili ba zai ƙaru ba, me zai ƙara amfanin gona in ba ilimi ba?

Ilimin kuma yana nan kusa. Cibiyar bincike ta Samaru a Zariya ta fitar da irin wake da na dawa masu saurin nuna. Akwai buhu mai ciki uku da ke adana wake ba tare da an zuba masa guba ba. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana Dambatta, madatsar ruwa ta Watari kuwa ga ta nan maƙwabta a Bagwai, inda ake noman rani. Ɗalibanmu nawa aka taɓa kai su can su gani da idonsu? Gani ya kori ji.

Manya a cikinmu suna tuna shirin ciyar da ƙasa na 1976, lokacin da aka zaburar da makarantu su yi gonaki. Abin da ya kashe gonar makaranta daga baya sananne ne. An mayar da ita wurin horo, wanda ya makara a miƙa masa fartanya, har yara suka tashi suna ganin noma a matsayin hukunci. A wasu wuraren kuma a girbe amfani, ba wanda ya san inda ya shiga. Filayen da ba a katange ba, sannu a hankali aka yi ta cin iyakarsu.

A watan Yuni na 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Madalla da gyaran azuzuwa da raba kujeru. To amma gonar makaranta ita ma aji ce. Muna kira ga hukumar SUBEB da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da su auna filin kowace makaranta, su kafa masa iyaka a rubuce, su turo ƙwararrun malaman aikin gona maimakon a ɗora darasin a kan duk wanda ya sami sarari. KNARDA ta haɗa malaman gonarta da makarantu. Iri da taki su iso kafin ruwan shuka, don wanda ya zo a watan Agusta ba shi da amfani. Lissafin girbi kuma a karanta shi a gaban kwamitin iyaye, kwano-kwano, kuma daga wannan damina kada a sake tura yaro gona da sunan horo.